Mutumin da Ya Ƙirga Jifan Ɗan Alhaji

A Gazawa, in ana hirar ƙwallon kwando, ba a daɗewa sai sunan Malam Sha'ibu ya fito, kuma bawan Allahn nan bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba. Sau ɗaya ya gwada a gaban jama'a, ƙwallon ta kai rabin hanya ta dawo ƙasa, kamar ta tuna ta bar wani abu a gida. Gajere ne mai ɗan tumbi, ya haura shekara hamsin, kullum da bik biyu na rubutu a aljihun gaba, ɗaya shuɗi ɗaya ja.

A Sae Sabuwa aka haife shi, gidan manoma. Tun yana ƙarami yake ɗauke da wata lalura wadda ta gagari malamai da masu magani, wato ƙirge. Ubansa zai gyara zama a zaure ya ce wa baƙi bana ya samu dami ɗari na hatsi, sai yaro ya ɗago kai daga ƙwaryar fura ya ce tamanin da uku ne, har da wanda akuya ta taɓa. Ya sha bulala a kan haka har jikinsa ya saba, amma halin bai fita ba. Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakol, wato makarantar boko, iyaye na ɓoye 'ya'yansu a rumbu, shi uban Sha'ibu da kansa ya riƙo hannunsa ya kai shi, har yana yi wa mushe, malamin lakol ɗin, godiya.

A lakol faransanci ya ƙi shi, tarihi ya ƙi shi, lissafi kaɗai ya karɓe shi hannu biyu. Ya zauna jarrabawar birebe sau biyu, ta kayar da shi sau biyu. Daga nan wani furoje, wato shirin tallafin noma, a Agiye ya ɗauke shi aikin auna amfanin gona. Aikin shi ne ya hau keke da igiyar awo da sikeli, ya shiga ƙauye, ya kewaye wani ɗan yanki a gona, a yanke hatsin wurin, a sussuke, ya auna, ya rubuta. Manoma suna so lamba ta yi ƙasa don a kawo taimako. Manyan buro, masu zaman ofis, suna so ta yi sama don masu ba da tallafi su ga furoje yana aiki. Shi kuwa Sha'ibu abin da sikeli ya faɗa shi yake rubutawa. Da haka ya haɗa kan talaka da mai kujera a kan ƙin mutum ɗaya, abin da ko 'yan siyasa ba su taɓa iyawa ba. Bayan shekara goma sha tara furoje ya naɗe tabarma. Abokan aikinsa kowa ya samu wani wuri, shi kuma aka sallame shi da takardar yabo da kwalin kaye arba'in, littattafan rubutu da ba a rubuta komai a ciki ba.

Ya tattara ya koma Gazawa, garin matarsa Zulai, inda ta gaji gona daga mahaifinta. Ita tana tatsar man gyaɗa tana ƙuli-ƙuli, shi yana noma. Ya kafa ma'aunin ruwan sama a tsakar gida, yana rubuta abin da ya sauka, ba don wani ya tambaye shi ba. Zulai ta ce duk garin su kaɗai ne ba su san an yi ruwa ba sai mai gida ya duba kwalba.

A shekara ta uku da zuwansa ne ƙwallon kwando ta shigo Gazawa. Alhaji Usmanu, babban mai fataucin wake da ke kai kaya ƙetaren iyaka, yana da ɗa, Ashraf, wanda aka kai lise, babbar sakandare, a Maradi. Yaron ya dawo ba tare da bak, takardar gama lise, ba, amma ya zo da ƙwallo da jajayen takalma, kuma tsawonsa ya kai yana sunkuyawa kafin ya shiga zauren ubansa. Alhaji ya duba ya ga dole wannan tsawo ya zama abin alfahari ta wata hanya. Ya sa aka zuba siminti a bayan kolej, maƙeri ya lanƙwasa ƙarfe biyu aka kafa, aka ɗinka riguna, aka raɗa wa ƙungiya suna Guguwar Gazawa. Mushe Muzammil, malamin wasanni na kolej, ya zama mai horarwa. Ashraf ya zama kyaftin, bayan an yi zaɓe na adalci wanda shi kaɗai ya tsaya.

Hanyar gonar Sha'ibu ta gefen filin take bi. Wata la'asar ya zauna gindin dogon yaro don ya huta, ya ga samari goma suna gudu suna jifa, jama'a na ihu duk lokacin da Ashraf ya saka ƙwallo. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, in Ashraf ya jefa ta ƙi shiga, babu mai cewa uffan, kamar ba a yi ba. Kafin ya ankara yatsunsa sun fara aiki a kan gwiwa. Ranar ya ƙirga wa Ashraf jifa talatin da ɗaya, tara suka shiga. Washegari ya zo da kaye.

Bai san dokar wasan ba, don haka ya riƙa tare Mushe Muzammil da tambaya har ya gane me ke kawo maki biyu, me ke kawo uku. Sunayen faransanci na abubuwan wasan ba su zauna masa ba, sai ya sa musu nasa. Ƙwallon da aka jefa ta daki ƙarfe ta dawo, wani ya tsinta, ya kira ta kala, irin wadda ake yi a gona bayan girbi. Ƙwallon da mutum ya bari abokin hamayya ya ƙwace, ɓarna. Wadda aka miƙa wa wani ya saka, ciyarwa. Ya ja layuka a kaye, kowane ɗan wasa da gidansa. Daga baya ya ƙara wani abu da ya fi duk sauran ba shi wahala: duk lokacin da aka canza ɗan wasa, sai ya duba agogo ya rubuta maki nawa Gazawa ke da su, nawa baƙi ke da su. Ta haka zai san, a mintocin da wane ke cikin fili, ƙungiya gaba take yi ko baya.

Samari suka sa masa suna Baba Kaye. Wasu suka ce ɗan leƙen asirin Agiye ne. Wata tsohuwa mai sayar da ɗanwake a bakin fili ta ce ita ta san sunayen yara yake rubutawa don a kai su soja. Shi dai bai kula ba. Damina biyu ta wuce, ya cika kaye shida da wasa ashirin da uku, na gida da waɗanda aka je Agiye da ƙauyukan kusa.

Da ya zauna ya tara lissafin, abin da ya fito ya sa ya sake tarawa sau uku. Ashraf yana kawo maki ashirin da biyu a kowane wasa, gaskiya ne, duk gari ya san wannan, har yara na rera shi. Amma sai ya jefa talatin kafin tara ko goma su shiga, ga ɓarna shida a kai. A mintocin da yake cikin fili, wato kusan duk wasan, Gazawa baya take da maki biyar. Can kuma a ƙasan shafi akwai Jibo.

Jibo mai amalanke ne, shi da jakinsa suka kwaso yashin da aka gina filin, kuma da ya ga ana wasa a kan yashinsa sai ya tsaya. Ɗan shekara ashirin da shida ne, ba dogo ba, amma faɗinsa ya kai ƙofar shago. Da takalmin roba yake wasa, kuma in ya jefa ƙwallo har alƙalin wasa sai ya kau da kai don kunya. Ana saka shi ne in ɗaya daga cikin abokan Ashraf na fadar shayi ya gaji, minti takwas ko goma. Makinsa biyu, ranar sa'a huɗu. Sai dai a cikin waɗannan 'yan mintoci yana yin kala bakwai, ba ya ɓarna don ba ya riƙe ƙwallo balle a ƙwace, kuma Gazawa gaba take da maki shida.

Sha'ibu ya kai wa Mushe Muzammil kaye. Mushe ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya ce ai shi ma yana da ido. Ya tambayi Sha'ibu ko ya san wa ya sayi ƙwallo, wa ya ɗinka riguna, motar wa ke kai su Agiye. Ya ce shi saura shekara huɗu a canza masa wurin aiki, kuma yana so ya bar Gazawa da mutuncinsa.

Mai hankali da ya tsaya nan. Sha'ibu kuwa ya wanke rigarsa ta Juma'a, bayan an sauko daga masallaci ya nufi zauren Alhaji Usmanu, inda manyan ƙungiya ke taruwa su ci abinci su yaba wa juna. A lokacin ana shirin gasar kofi tsakanin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. Aka gaisa, aka ba shi wuri a bakin tabarma. Ya nemi izini, ya buɗe kaye, ya karanta lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar da yake karanta wa masu gari nauyin hatsinsu. Ya rufe da shawara: a zaunar da Ashraf, a fara da Jibo.

Alhaji ya gama tauna naman da ke bakinsa a hankali.

“Malam Sha'ibu, kai ka taɓa buga wannan wasa?”

“Ban taɓa ba, Alhaji. Hatsi ma ban taɓa zama shi ba, amma na auna shi shekara goma sha tara.”

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya ga fuskar Alhaji, ya mayar da ita tari. Alhaji ya ce shi bai yi lakol ba, amma ya san ashirin da biyu ta fi biyu, in kuma a wajen masu ilimi biyu ce babba, to Allah ya ƙara nisanta shi da ilimi. Jama'a suka ce amin. Aka cika wa Sha'ibu kwano da shinkafa aka ce ya kai wa iyali, wato dai an sallame shi.

Kafin magariba labari ya zaga gari. A fili, aka ɗauke bencin da ke gindin dogon yaro, sai ya koma zuwa da kujerar 'yar tsugunno daga ɗakin girkin Zulai. Abokan Ashraf in sun saka ƙwallo sai su rugo gabansa su ce Baba a rubuta da ja. Amma a fadodin shayi, inda ba yaran Alhaji, mutane suka fara cewa ai maganar Baba Kaye akwai ƙamshin gaskiya. Ba lissafin ne ya shige su ba, yawancinsu ko kayen ba su gani ba. Daɗin da ke cikin a ce ɗan mai kuɗi bai iya ba ne ya ja su. Sha'ibu, wanda tunda yake ba a taɓa goyon bayansa ba, ya ji abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata. Har ya fara tsayawa a tasha yana ba da bayani.

Saura kwana biyar a kara da Agiye, Ashraf ya ɗaga gaban babur a ƙofar kolej don wasu 'yan mata su gani, suka kuwa gani, har da faɗuwar. Hannun dama ya gurɗe, mai ɗori ya ce sati uku. Dole Mushe ya fara da Jibo. Masoyan Sha'ibu suka cika fili, suka kewaye kujerarsa kamar shi ne zai buga.

Jibo ya yi abin da ya saba, har ya ƙara. Kala goma sha tara. Duk ƙwallon da ta daki ƙarfe, hannunsa take faɗawa. Sai ya juya ya miƙa wa na kusa, na kusa ya jefa, ta dawo, Jibo ya tsinta, ya miƙa wa wani, shi ma ya jefa, ta dawo. Haka aka wuni kamar masu ɗebo ruwa da kwando. Agiye ta ci arba'in da huɗu da talatin da ɗaya, kayen da Gazawa ba ta taɓa sha a gidanta ba. Kafin alƙali ya busa na ƙarshe, Sha'ibu ya waiwaya ya tarar shi kaɗai ne a gindin bishiya. Masoya sun koma wajen Alhaji suna jajanta hannun Ashraf, suna cewa ai dama su sun faɗa.

Kwana uku bai fita ba. Ya baje kaye shida a tabarma a tsakar gida yana bi layi-layi, yana neman inda ya yi kuskuren tarawa, bai samu ba. Zulai tana gefe tana murza tunkuza. A rana ta uku ta gaji da tsakinsa, ta tambaye shi, shi wannan Jibo da ake cewa in yana ciki ana gaba, wa yake miƙa wa ƙwallon a da.

Sha'ibu ya buɗe baki zai ce wannan ba tambayar lissafi ba ce, sai ya rufe. Ya ɗauki jan bik ya koma wasa na farko. Ya bi mintocin Jibo ɗaya bayan ɗaya yana duba su wa ke fili tare da shi. A cikin kowane minti goma, tara da Ashraf ya yi su. Ashraf zai jefa daga nesa ta ƙi, Jibo ya tsinta, kafin nan Ashraf ya iso gindin kwando, a miƙa masa, ta shiga. In Jibo na benci, jifan Ashraf da ya ƙi shiga sadaka ce ga baƙi. In Ashraf ba ya nan, kalar Jibo ba mai ci. Su biyun tare, Gazawa gaba take da nisa. Duk wannan yana cikin kayen tun farko, da rubutun hannunsa. Bai duba ba ne saboda ya riga ya samu amsar da ransa ke so, kuma wannan ya fi kayen da suka sha a hannun Agiye yi masa ciwo. Shekara goma sha tara yana raina manoma da manyan buro a kan sun fi son lambar da ta yi musu daɗi, ashe shi ma jira yake a ba shi dama.

Ranar Juma'a ya sake wanke riga. Zulai ta ce in shinkafa yake so ta dafa masa a gida, ba sai ya je an zage shi ba. Ya ce lamba ce ya faɗa ba daidai ba a gaban mutane, a gabansu kuma zai gyara.

A zauren Alhaji ya miƙe tsaye ya ce ya yi kuskure da ya ce a zaunar da Ashraf, ƙungiya ba ta iya yi ba tare da shi ba. Alhaji ya washe baki, ya ce a ba Malam wuri a tsakiya, a kawo masa lemu mai sanyi, ai mai ilimi shi ne wanda ya san ya ɓata ya dawo hanya. Sha'ibu ya ce da sauran magana, cewa Ashraf ɗin ma ba ya amfanar kowa sai da Jibo a gefensa, kuma jifansa na nesa asara ce. Amma lokacin an fara fatiha ta sulhu, rabin maganar ta nutse cikin amin. Ya fito da lemu a hannu. A tasha kuma, waɗanda suka goya masa baya da farko suka ce Alhaji ya saye shi da kwalba ɗaya. Cikin wata guda ya yi nasarar ɓata wa ɓangare biyu rai, ya ji kamar ya koma bakin aikinsa na Agiye.

Mutum ɗaya ne ya ji rabin maganar nan ta biyu. Washegari da hantsi Sha'ibu na gona yana tuge karan hatsi, sai ga Ashraf a ƙafa, hannu ɗaure a wuya, jajayen takalma sun yi buɗu-buɗu. Ya gaishe shi har da russunawa, abin da ba a san shi da shi ba. Ya yi ta kewaye-kewaye a kan gona da lafiyar iyali, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

“Baba, ranar wasan Agiye ina zaune a benci, na ƙirga jifan Salim da kaina, abokina ne amma na ji kunya. Sai na ce ko ni ma haka nake in ana kallona. Ina so in ga shafina.”

Suka zauna gindin gawo. Sha'ibu ya zana filin wasa a ƙasa da tsinke, ya nuna masa wuri-wuri. Daga can tsakiya, inda yake son tsayawa ya jefa don a yi ihu, ɗaya ke shiga cikin bakwai. Daga kusurwar hagu, ɗaya cikin biyu. A gindin kwando, in Jibo ya miƙo masa, bakwai cikin goma. Ashraf ya daɗe yana kallon zanen. Ya tambaya ko ba a yi kuskure a na tsakiyar ba, don shi yana tuna da yawa da suka shiga. Sha'ibu ya ce kowa ma su yake tunawa, shi ya sa ake rubutawa.

Da hannu ya warke, Ashraf da kansa ya ce wa Mushe Muzammil yana so a fara da Jibo. Mushe, wanda ya san haka tun shekara biyu, ya ce wannan tunani ne mai zurfi, kyaftin ya yi hangen nesa. Alhaji ya ji labari ya ce ai shi ya daɗe yana lura da yaron amalanken nan, har ya sa aka ba shi tsofaffin takalman Ashraf, waɗanda suka yi masa tsawo ya cusa tsumma a gaba. Abokan fada biyu suka koma benci, suka daina gaida Sha'ibu, abin da bai rage masa komai ba tunda dama da ba'a suke gaishe shi.

Suka je Agiye suka rama, da ƙyar, da maki uku. Wasan ƙarshe ya faɗo a Gidan Rumji. Motar Alhaji ta ɗauki 'yan wasa da manyan ƙungiya da makaɗa biyu da wani ƙanen Alhaji da ba ya bambance kwando da raga, amma aka duba aka ga babu wurin Sha'ibu. Ya bi motar haya tun da asuba, ta Agiye da Maradi da Tibiri, an matse shi tsakanin buhun barkono da wata mata mai kaji, kaye a cikin riga. Ya isa ana shirin farawa, ya samu dutse a bakin fili ya zauna.

'Yan Gidan Rumji sun zo da shirin tare Ashraf a tsakiya, inda kowa ya san yana tsayawa, suka sa mutum biyu suna jiransa a can. Shi kuwa ya koma kusurwar hagu da gindin kwando. Sau biyu tsohon hali ya motsa, ya jefa daga nesa, duka biyun suka daki ƙarfe, kuma duka biyun ya waiwayo ya dubi dutsen da Sha'ibu ke zaune kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Jibo ya yi ta ture mutane da faɗinsa yana tsinta yana miƙawa. Da aka je hutun rabin lokaci, Mushe Muzammil ya zagayo ta bayan jama'a, yana yi kamar ruwa yake nema, ya tambayi Sha'ibu a hankali wa ya kamata ya huta. Sha'ibu ya nuna masa da bik. Aka tashi Gazawa hamsin da takwas, Gidan Rumji hamsin da biyu. Ashraf ya kawo maki ashirin da huɗu da jifa goma sha tara kacal. Jibo ya kawo biyu, da kala goma sha bakwai.

Aka ba Ashraf kyautar gwarzon gasa. Alhaji ya karɓi lasifika ya gode wa hukumomi, da sarakuna, da Mushe, da direba, da makaɗa, da maƙerin da ya lanƙwasa ƙarfe, har da matar da ta dafa abincin tafiya. Bai ambaci Jibo ba, balle mai kaye. Da aka zo ɗaukar hoto aka ce wa Sha'ibu ya ɗan matsa, yana tare kofi. A hanyar dawowa dai ya samu wuri a mota, don Ashraf ya ce ba zai shiga ba sai da shi, sai aka sauke makaɗi ɗaya.

Yau shekara uku ke nan. Jibo yana nan da jakinsa, yana kai yashi da safe yana wasa da la'asar, kuma duk gari Kala ake kiransa, har matarsa. Ashraf ya shiga harkar waken ubansa, ya yi ƙiba, amma yana bugawa. An mayar da benci gindin dogon yaro. Mai horar da 'yan Gidan Rumji ya aiko sau biyu yana neman a koya masa yadda ake jan layukan, Sha'ibu ya zana masa a takarda ya aika da direban tasha. A Gazawa kuwa har yanzu ra'ayi biyu ne: masu cewa Alhaji ne ya gano Jibo, da masu cewa Mushe ne.

Bara bayan girbi wasu mutane uku suka zo daga Gidan Sori a kan babur ɗaya, masu shirya kokawa. Sun ji labarin akwai wani malami a Gazawa da ke gane wanda ya iya da wanda ake yi wa ihu kawai, suna so ya zo ya zauna a bakin fage ya rubuta musu 'yan kokawarsu, ya faɗi gaskiyar kowa a gaban jama'a. Sha'ibu ya sa Zulai ta kawo musu fura da ƙuli-ƙuli, ya saurare su har suka gama. Ya tambayi nauyin babban ɗan kokawarsu, suka ce ya fi buhun gero, kuma ba ya son a musa masa. Sha'ibu ya ce su yi haƙuri, idonsa ya fara rauni, kuma Gidan Sori da nisa. Ya raka su har bakin hanya, ya dawo ya ɗauki kaye ya nufi fili, don ranar 'yan matan kolej ne ke da wasa.